Wasiƙa Zuwa ga Zabiyoyi da 'Yan Wasan Dandali na Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Ƙannena da 'ya'yana,

Ina gaishe ku da sana'a, ina kuma yi muku sannu da haƙuri. Na san halin da kuke ciki. Bukukuwa sun ragu, waɗanda ake yi ma a gurguje ake yin su don baƙi su koma gida da sauran rana. Ƙauyukan da a da ake aiko mota a ɗauke ku zuwa wasa, yau wasunsu babu kowa, mutanensu suna cikin gari suna zaman gudun hijira. A 2021, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya, har kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sai da ta tsaya, kuma kowa ya san in kasuwa ba ta ci ba, hannun mai liƙi ba ya shiga aljihu. Duk da haka ba ku ajiye sana'a ba. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuto muku a kan mace ɗaya da ta riƙe fage kusan shekara 40, wato Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, domin ina ganin da yawanku kuna kwaikwayon rawarta da barkwancinta, amma ainihin abin da ya sa mata suka riƙe ta ya wuce ku.

An haife ta a Gwaigwayi, kusa da Funtuwa, a shekarun 1940. An yi mata aure tana ƙarama, ta haifi 'ya'ya da yawa, ta yi zaman gida irin na kowace Bahaushiya kafin duniya ta san ta. A farkon shekarun 1970 ta fara fitowa da kiɗan amada, kiɗan ƙwarya na mata, wanda Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta riga ta yin suna da shi. Ta rasu a Funtuwa ranar 2 ga Maris, 2013, bayan ta yi jinya. Mu nan ba baƙuwarmu ba ce. Layin dogon da ya iso Ƙaura a 1929 ta Funtuwa da Gusau ya biyo, kuma hanyar da auduga da gyaɗa suka bi, ita waƙa ta bi. Kaset ɗin Barmani ya shiga ɗakunan iyayenmu mata tun rediyo mai batir yana abin ado a kan jere, ana daka ana saurare, ana kitso ana dariya.

Ku fara duba kayan aikinta. Manyan ƙore ne a kife, wasu a ƙasa, wata a kan ruwa cikin baho don ta ba da amo mai zurfi, mata na zaune a bayansu suna kaɗawa suna amshi. Ke nan. Babu fiyano, babu kwamfutar da za ta gyara murya. Da wannan ɗan abin take cika tsakar gida, ta cika zauren taro, ta tsaya gaban manyan mata da matan masu mulki ba ta ji ko ɗar ba. Abin da ya cike sauran gurbin ita ce kanta: muryarta mai kauri da ba ta neman ta yi zaƙi, fuskarta, kafaɗarta, da yadda take taka ƙasa.

Ni a wurina Barmani 'yar wasan kwaikwayo ce da ta zaɓi ta yi wasanta a cikin waƙa. Ku saurari waƙoƙinta na kishiya da kunnen mai sana'a. Ba labari take ba ku daga nesa ba. Shiga take yi cikin rigar uwargidan da aka gaya wa za a yi mata abokiyar zama, ta yi maganarta da zafinta, sannan ta juya ta zama maƙwabciyar da ta shigo zuga, ta sake juyawa ta nuna muku tafiyar macen da ba ta da sana'a, mai jiran a ba ta. Mace ɗaya, mutum uku ko huɗu a cikin waƙa guda, ba ta canza ko ɗankwali ba. Matan da ke zaune kowace tana ganin kanta ko wata da ta sani, shi ya sa ake guɗa, shi ya sa wata ke tashi ta liƙa mata kuɗi tana dariya har da hawaye. Ba don kiɗan kaɗai ake tashi ba. An taɓo wa mutum abin da ke cikin ransa ne a bainar jama'a, ba tare da an tona masa asiri ba.

Sannan ta iya shiru. Wannan ne abin da na fi so ku lura da shi, don shi ne ya fi wuyar koyo. Takan jefa magana ta tsaya, ta bar ƙwarya na tafiya, ta bar dariya ta gama zagaya gida, idonta na kan jama'a, sai ta ga wuri ya natsa sannan ta ƙara wata. Yarinyar da ba ta ƙware ba tsoron shiru take yi, sai ta dinga jero baiti a kan baiti, ta binne maganarta mai daɗi da kanta. Wanda ke kallon jama'a ne ya san lokacin da za a ja waƙa da lokacin da za a yanke ta, ya san an shigo da uwar ango a sako ta, ya san fuskar amarya ta canza a sauya zance. Duk wannan ba ya yiwuwa in waƙar tana cikin memori, an riga an yanka mata tsawo tun daga sitidiyo.

A nan ne damuwata take. Na halarci wani wuni a nan cikin Ƙaura, an kira wata yarinya mai murya, kyakkyawa, ga shiga ta mutunci. Aka sa waƙarta a lasifika tana bi da baki, tana riƙe da makirfo. Ana tsakiyar abu janareta ya mutu. Yarinyar nan ta tsaya cak, ta sunkuyar da kai tana jiran a tayar. 'Yan mintoci suka wuce, mata suka fara hira, wasu suka fara neman takalmansu. Sai wata tsohuwa daga dangin amarya ta jawo ƙwaryar da aka gama rabon fura da ita, ta kife ta a kan tabarma, ta fara bugawa da tafin hannu da zoben azurfarta, ta ɗauko wata tsohuwar waƙar kai amarya. Kafin ta kai baiti na biyu gida ya ɗauka. Da wuta ta dawo babu wanda ya waiwayi lasifika. Na ji wata na cewa, "Wagga ɗiya tana da murya, ba ta dai san tana da ita ba." Gaskiya ta faɗa, kuma tausayin yarinyar ne ya kama ni, don ba laifinta ba ne ita kaɗai, haka ta tarar ana yi.

Ban ce ku guji sitidiyo ba. Ku shiga, ku buga, ku sa a waya, zamaninku ne, Barmani ma ai ta yi faifai da kaset. Amma duk waƙar da ba za ki iya rerawa da bakinki ba, ke da 'yan amshinki, babu wuta babu na'ura, ba ta zama taki ba tukuna. Ku ware rana a mako ku zauna ku yi ta maimaitawa da ƙwarya ko tafi kawai. Ki koyi jefa muryarki ta kai bangon ƙarshe na gida ba tare da kin yi ihu ba. Ki koyi numfashi daga ciki don kada ki shaƙe a waƙa ta uku. Ki koyi ƙirƙirar baiti nan take, ki sa sunan wadda ta shigo da garinsu da sana'arta, ya hau kan kari daidai. Za ki yi ta faɗuwa da farko, ba komai, a gaban 'yan amshinki ne.

Su kuwa 'yan amshi, ku daina ɗaukar su kamar 'yan rakiya. Duwatsun murhu ne, in ɗaya ya goce tukunya ta tuntsure. Amshin Barmani ba ya latti, ba ya riga ta, kuma hakan ba ya samuwa sai da daɗewa tare da kuma adalci wajen rabo. Zabiyar da ke canza 'yan amshi duk bayan wata biyu saboda rigimar kuɗi ba za ta taɓa samun wannan haɗin ba. A ƙirga liƙi a gaban kowa, a san kason kowa tun kafin a fita daga gida.

Sai maganar abin da za ku waƙe. Barmani ta yi waƙar haihuwa, ta yi ta kishi, ta yi ta zaman aure, ta kuma yi ta nanata wa mata su kama sana'a, ko ƙuli-ƙuli ne ko saƙa ko ƙosai, don kada mace ta zauna sai abin da aka miƙo mata. Ba a littafi ta karanto waɗannan ba, rayuwarta ce da ta maƙwabtanta. To ku fa? Ina jin waƙoƙinku, mafi yawa soyayya ce irin ta finafinan Kano, da kalmomi iri ɗaya da na mawaƙa ɗari. Alhali a ƙofar gidanku akwai matar da ta baro ƙauyensu da 'ya'ya biyar tana wankau a gidajen mutane, akwai yarinyar da ta yi takaba ba ta kai shekara 20 ba, akwai uwar da ta sayar da akuyarta da gadonta don a karɓo ɗanta daga daji, akwai kuma matan da suka haɗa adashi suka tayar da jarin junansu bayan an ƙone musu rumbuna. Wa zai waƙe waɗannan in ba ku ba? Mawaƙin Kano bai san su ba. Ba ina nufin ku mayar da gidan biki gidan makoki ba ne. Barmani ma maganganu masu ciwo take faɗa, amma ta san yadda za ta naɗe su cikin raha har mai ciwon ta yi dariya ta ji sauƙi. Wannan ita ce gwanintar, kuma ana buƙatar ta a ƙasarmu yau fiye da kowane lokaci da na sani.

Ku kuma yi da harshenku. Ƙasar nan ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa a Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda har yau ake nazarin Bakandamiyarsa a jami'o'i. Ita ta haifi Kassu Zurmi, mawaƙin maza, na 'yan tauri da mafarauta. Can gaba kaɗan ga Alhaji Musa Ɗanƙwairo na Maradun da Sa'idu Faru. Babu ɗayansu da ya karya harshensa don a ji shi a Kano ko Zariya, kuma an ji su har ƙasashen waje. Yana ba ni takaici in ji yarinyar Zurmi ta hau fage tana taunar Hausarta tana jin kunyar "shina" da "wanga". Zamfarcin nan shi ne abin da kike da shi wanda wata ba za ta iya saye ba.

Ku 'yan wasan kwaikwayo, maza da mata, masu yi a makarantu da filayen taro da wajen gangamin rigakafi, maganar nan ta shafe ku kai tsaye. Kada wani ya ce muku sana'arku baƙuwa ce. Matan fada sun daɗe suna wasan gauta, suna kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansa. Samari da 'yan mata na yin kalankuwa bayan kaka, su naɗa nasu sarakunan da alƙalai. Yara mata na yin tashe cikin azumi, ɗaya ta zama miji ɗaya ta zama mata, su nuna zaman aure da ladabinsa. Finafinan Kano su kansu daga ƙungiyoyin wasan daɓe suka fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990, kuma 'yan wasanta a dandali suka goge kafin su ga kyamara. Wanda ya koyi wasa a gaban mutane masu rai, waɗanda za su iya tashi su tafi, ya koyi abin da ba a koyo a gaban waya. Kada ka juya wa jama'a baya kana magana. Kada ka yi dariyar barkwancinka. In an ba ki matsayin tsohuwa, ki je ki zauna da tsohuwa ki ga yadda take tashi daga tabarma, wace gwiwa take fara dafawa, maimakon ki shafa toka a kai ki dinga rawar murya. In kuma ƙungiya ce ta ba ku kuɗi ku yi wasa a kan allurar rigakafi ko karatun 'ya mace, to ku yi wasa na gaske mai labari da mutane masu hali. Jama'a na gane wa'azin da aka sa wa riga, su saurara don kunya, su tashi ba su ɗauki komai ba.

Akwai wani gefe na Barmani da dole in taɓo. Tana da waƙoƙin da ta saki baki a cikinsu, ta ambaci jikin mace da sha'anin ɗaki, kuma an soke ta a kan haka tun tana raye. Amma ku tuna inda amada ta taso: cikin gida, tsakanin mata, inda uwa da gwaggo ke gaya wa amarya abin da ba a faɗa a zaure. Yau babu wannan katangar. Duk gidan biki akwai wayoyi a ɗage, abin da kika faɗa wa mata 30 da la'asar, kafin isha ya shiga TikTok, yaro da babba na kallo, kuma ba ya goguwa. Muna kuma jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, akwai Hisba, akwai iyaye da mazajen da ƙiris suke jira su hana 'ya'yansu da matansu fita. Yarinya ɗaya in ta yi abin assha, ƙofa goma take rufe wa 'yan'uwanta. Saboda haka ki rera kowane baiti da sanin cewa mahaifinki zai iya jin sa. Hausa tana da faɗi. Habaici da zaurance da karin magana sun ishe ki isar da duk abin da kike so, masu hankali su gane, yara su wuce. Wadda ta kwaikwayi sakin bakin Barmani ta bar hikimarta, ta ɗauki mafi arahar abin da ke wurinta.

Wata magana kuma mai nauyi, musamman gare ku maza. An ji waƙoƙin da aka yi wa 'yan bindiga ana kuranta su. Na san wani tsoro ne ya sa shi, wani kuwa kwaɗayi. Wanda aka tilasta, Allah ya san halinsa, ba ni da bakin zarginsa. Amma wanda ya kai kansa don kuɗi, ya sani kirari na ƙara wa mai ɓarna ƙarfin gwiwa, yana kuma sa yaro ƙarami ya ga abin sha'awa ne. Matan da za ku tsaya gabansu gobe a gidan suna, wasunsu waɗannan mutanen ne suka mayar da su zawarawa.

Bari in zo kan kuɗi, don tsufa na zuwa. A 2022 Hajiya Ladin Cima, wadda iyayenmu suka sani da Tambaya tun wasannin talabijin, ta yi hira da BBC Hausa ta faɗi irin 'yan dubban da ake sallamar ta da su in ta fito a fim, da matsalar muhalli da take ciki. Maganar ta tayar da ƙura, masu shirya finafinai suka yi ta mayar da martani, kowa da nasa bayanin. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mace ta shafe shekaru masu yawa tana faranta wa jama'a, kowa ya san fuskarta, amma ta tsufa tana tunanin inda za ta kwana. Suna ba ya biyan kuɗin haya. Ku yi ciniki kafin ku fita, ku karɓi kafin alƙalami, kada ku dogara da liƙi kaɗai a wannan zamani da masu liƙin su ma suke fama. In za ki shiga sitidiyo, a rubuta a takarda wa ke da waƙar, da shaidu, kuma ki karɓi kwafinki na asali ki adana. Masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa za su ci da muryarki ko kin so ko kin ƙi, to aƙalla ki sa sunanki da garinku a cikin waƙar yadda duk inda ta je za a san mai ita, a neme ki. Ki riƙe wata sana'ar a gefe, kiwo ko ɗinki ko sayar da turare, don akwai azumi, akwai damina, akwai ranar da murya za ta dushe. Ku kafa adashi na masu sana'a da ɗan asusun jinya, ko naira ɗari-ɗari ce a mako. A da in mawaƙi ya shiga matsi akan yi masa ajo, abokan sana'a su taru su yi wasa a tara masa. Ban ga abin da ya hana ku raya wannan a tsakaninku ba.

Game da hanya ba sai na tsawaita ba, kun fi ni sani. Kada kuɗi ya sa ku bin hanyar Zurmi ko ta Shinkafi bayan la'asar sakaliya. In wasa zai kai yamma, a shirya muku wurin kwana tun a cikin ciniki.

Abin da ya sa har yau muke iya sauraron Barmani shi ne an ɗauke ta, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun kula da ita sun yi rubutu a kanta. Zabiyoyin ƙasarmu ba su samu wannan gatan ba. A kowace unguwa ta Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, da cikin 'yan gudun hijirar da ke zaune a makarantu da kangaye, akwai tsofaffin da ke riƙe da waƙoƙin daɓe da na niƙa da na daka da na raino da na kai amarya, waɗanda babu su a kowane kaset. Ƙauyukan da ake yin su sun watse, 'yan matan da za su gada suna wani gari. Kuna da waya a hannu. Ku je da goro da ɗan sabulu, ku durƙusa ku gaishe su, ku ce, "Inna, koyo muka zo." Ku nemi izininta kafin ku ɗauka, ku rubuta sunanta da ƙauyensu da lokacin da ake yin waƙar, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. In ta yarda ku zauna ku yi mata amshi har sai karin ya zauna muku a baki, in kuma kun rera a wajen biki ku faɗi daga wurin wadda kuka samo, ku kai mata nata kason daga abin da aka liƙa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare ku a hanya, ya sa albarka a sana'arku. Allah ya jiƙan Hajiya Barmani da sauran magabata.

Wassalam,
Yayarku, daga Ƙaura Namoda.